Yawon keke da jirgin ruwa daga Amsterdam zuwa Bruges: na irinmu ne kuwa?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Holan da Beljiyam. 'Yata za ta kammala digiri na biyu a jami'ar Wageningen da ke Holan, kuma in Allah ya yarda ni da mahaifiyarta za mu je bikin. To ita ce ta zo da maganar cewa bayan an gama, maimakon mu zauna a otal muna zagaya kantuna, mu shiga wani irin yawon hutu da ake yi a can. A kwana cikin jirgin ruwa, da safe a hau keke a bi jagora ana ratsa ƙauyuka da tsofaffin garuruwa, shi kuma jirgin ya bi ta ruwa ya riga mu isa gari na gaba ya jira. Mako guda, daga Amsterdam har Bruges. Ni na haura shekara 55, rabona da keke tun ina sakandare. Hajiya kuwa ba ta taɓa hawa ba. Ga maganar abinci, ga salla, ga kuɗin ma ba kaɗan ba. Wanda ya taɓa yi ko ya san wanda ya yi, don Allah ya faɗa mini gaskiya: abin nan na irinmu ne?

Sadiq_Rotterdam:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya sanya albarka a karatun. A ƙasar nake zaune, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba kullum ina ganin jiragen nan. Abin da zai fara kwantar maka da hankali shi ne, yawancin masu yin yawon sun girme ka. 'Yan fansho ne masu shekara sittin da saba'in, daga Jamus da Amurka da Kanada. Ba tsere ake yi ba, kuma ƙasar a shimfiɗe take, ba ka ganin hawa sai in za a haye gada ko jinga.

Jiragen akasari tsofaffin jiragen dako ne da suka yi zamani suna jigilar hatsi da yashi da kwal, aka gyara cikinsu aka yanka ɗakuna. Suna ɗaukar mutum ashirin zuwa talatin da wani abu. A karya kumallo wajen ƙarfe takwas, kowa ya haɗa guzurin rana daga teburin, wajen tara a sauke kekuna. A yi kilomita 30 zuwa 50 a yini, ana tsayawa shan shayi da kallon wurare. Da la'asar sakaliya a iske jirgi a gari na gaba, a yi wanka, a ci abinci, jagora ya zagaya da ku cikin gari a ƙafa. Ɗakinka ɗaya ne tun daga ranar farko, ba ɗaure jaka da kwancewa kullum. Hanyar da aka fi bi takan ratsa ta Kinderdijk da Dordrecht, a tsallaka zuwa Beljiyam a shiga Antwerp, sai Ghent, a ƙare a Bruges.

Dan_Kwari_77:
Alhaji, ni a ganina kuɗin ya yi yawa a kan tuƙa keke. Kowane mutum ya haura Yuro 1,000, ku uku ke nan, ban da tikiti da biza. A juya shi zuwa Naira a gani. Jirgin ƙasa daga Amsterdam zuwa Antwerp awa ɗaya ne da wani abu. Ku kama otal, ku ga garuruwan cikin kwana uku, ragowar kuɗin a ƙara wa yarinya ta fara rayuwa.

Hajiya_Binta_KD:
Mun yi wannan tafiya ni da maigidana, kuma ina so in amsa wa Dan_Kwari. Lissafinka na kuɗi daidai ne, amma cikin kuɗin akwai wurin kwana, abinci sau uku, keke, da jagora. In ka tara otal da gidan abinci na mako guda a Amsterdam da Bruges lokacin bazara, tazarar ba ta kai yadda kake zato ba.

Sannan abin da muka gani ba a ganinsa daga tagar jirgin ƙasa. Akwai safiyar da muka bi saman wata jinga, kogi na hannun dama, gonaki na hannun hagu, sai na lura ruwan kogin ya fi rufin gidajen manoman tsayi. Shanu na kiwo a can ƙasa, jirgin dako na wucewa ta sama da su. Na tsayar da keke na daɗe ina kallo ina tasbihi. Na sha jin cewa ƙasar tana ƙasa da teku, amma gani ya kori ji.

Game da Hajiyarka, Alhaji, a jirginmu ba dole ba ne a hau keke. Ranar da ƙafata ta gaji a jirgi na zauna, a saman bene da kofin shayi, ana buɗe mana gadoji muna wucewa. Akwai wata dattijuwa da ba ta hau keke ko sau ɗaya ba, mijinta ne ke fita, kuma ba ta yi kaɗaici ba. Amma ku tambaya a rubuce kafin ku biya, don ba kowane jirgi ne tsarinsa ɗaya ba.

Malam_Tukur_Gwale:
Maganar salla ba ta da wuya in sha Allahu. Matafiya ne ku, ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba, don haka ƙasaru za ku yi, kuma akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar ga matafiyi. Da dare jirgin a ɗaure yake a bakin gaɓa, alƙibla ba ta juyawa. Sai dai a kiyaye, a can alƙibla kudu maso gabas take, kada a fuskanci gabas tsantsa yadda muka saba. Abin da ya fi ba mutanenmu wahala shi ne tsawon yini. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, isha ta kusa tsakar dare, asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai. Wanda zai tuƙa keke kilomita 40 da safe yana bukatar barci. In da zaɓi, a ɗauki Satumba.

Ummu_Yasmin_Antwerp:
Na goyi bayan Malam a kan Satumba. Ni bari in yi maganar abinci, don nan ne ake samun matsala. Mai dafa abinci ɗaya ne a jirgin, tukunya ɗaya yake yi wa kowa, kuma tun kafin a taso ya riga ya yi cefane. In ba ku faɗa tun lokacin biyan kuɗi ba, ba yadda zai yi da ku. Kada ku tsaya a kan cewa ba ma cin alade. Ku rubuta musu cewa kifi da ganye kawai kuke ci, kuma ba a sa muku giya a girki. Dalilina shi ne a nan Flanders, wato arewacin Beljiyam, akwai farfesun naman sa da suke alfahari da shi, da giya ake dafa shi. Soyayyen dankalin nan da Beljiyam ta yi suna da shi ma, shaguna da yawa da kitsen sa suke soyawa, sai an tambaya. A teburin karin kumallo kuma yankakken naman da ke kusa da cuku galibi na alade ne.

Amma ba za ku ji yunwa ba. Akwai burodi, cuku, ƙwai, madara, kifi. A kasuwannin Holan ku nemi soyayyen kifin da ake kira kibbeling. Ranar da jirgi ya kwana a Antwerp kuwa, ku hau taragon cikin gari zuwa unguwar Borgerhout, mahauta 'yan Maroko da gidajen abinci na halal a jere suke, ga masallatai. Ghent ma akwai Turkawa da yawa.

Garba_Mai_Faci:
Alhaji keke ba a manta shi. In ka hau yau, kafin ka kai ƙarshen layinku ƙafa ta tuna. Abin da zai dame ka sirdi ne, ba feda ba. Ka samu keke tun yanzu ka riƙa yin rabin awa bayan asuba, jikinka ya saba da zama.

Abu_Khalil_Zaria:
Ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ce babbar mace, uwar 'ya'ya, ta hau keke cikin maza baƙi. Ba tarbiyyarmu ba ce. Alhaji ya je shi da 'yarsa in ya ga dama, amma Hajiya a bar ta da mutuncinta.

Ummu_Yasmin_Antwerp:
Malam Abu Khalil, na fahimci abin da kake kishi, amma bari in faɗa maka abin da idona ke gani kullum. A nan mata masu hijabi suna kai yara makaranta a keke, suna zuwa asibiti da kasuwa a keke, ba mai ɗaga kai ya dube su. Ni da girmana na koya, a ajin da ake yi wa manyan mata, yawancinmu Musulmi ne, mai koyarwar ma mace ce. Kekunan nan ba su da sandar tsakiya, ba sai an ɗaga ƙafa ba, an rufe kaca, an kuma rufe gefen tayar baya don kada tufafi su shiga. Wando a ciki, doguwar riga a sama, hijabi madaidaici wanda ba zai kai ga wayoyin taya ba, shi ke nan.

Duk da haka ni ma ba zan ba Hajiya shawarar ta hau ba, sai dai dalilina daban ne. Wanda ya koyi keke wata biyu da suka wuce bai isa ya shiga cikin ayarin mutum ashirin ba, balle a cikin Amsterdam ko Ghent inda ga layin tarago a ƙasa da ke kama taya, ga 'yan gari suna wucewa da gudu suna buga ƙararrawa. Ta zauna a jirgi ta huta. In tana sha'awa, wasu jiragen suna da keke mai sirdi biyu, Hanifa ta ja gaba ita tana baya, a gwada a hanyar ƙauye.

Injiniya_Sale:
Wanda ya zauna a jirgi ma ba a bar shi a baya ba, shi ne zai ga aikin ƙofofin ruwa, kuma a wurina wannan ya fi komai. Hanyoyin ruwan nan ba tsayinsu ɗaya ba. In jirgi ya zo inda za a hau ko a sauka, sai ya shiga wani dogon wuri mai bango biyu, a rufe ƙofa a bayansa. Sai a buɗe ƙananan kafofi a ƙofar gaba, ruwa ya riƙa shigowa yana tafasa a gefen jirgi, ka ga bangon da ke jiƙe da gansakuka yana nutsewa a hankali, ma'aikacin jirgi na tsaye yana jan igiya yana sauya mata maɗauri. In ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, ƙofa ta buɗe. Ba injin da ya ɗaga jirgin, ruwa ne kawai.

Abin da Hajiya Binta ta gani a kan jinga kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da teku. Injinan iskar nan 19 na Kinderdijk da ake ɗaukar hoto, an gina su wajen 1740, kuma aikinsu kwashe ruwa daga gonaki su tura shi sama zuwa kogin Lek. Yanzu manyan famfuna ne ke aikin a gefensu, za ku gan su, wasu irin manyan ƙarafa masu murɗiya suna juyawa suna haurar da ruwa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997. Kuma ba su tsira haka kawai ba. Ambaliyar daren 1 ga Fabrairu 1953 ta kashe mutum 1,836 a kudu maso yammacin ƙasar, yankin da jirginku zai ratsa kafin Antwerp. Bayanta ne suka yi manyan madatsun da suka toshe bakin teku.

Kano_Ta_Dabo:
Wannan bayani na Injiniya ya sa ni tunanin Jakara. Mu ma muna da ruwa a tsakiyar birni, amma dubi abin da ya zama. Kududdufai kuma an cike su an yi gini, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje.

Injiniya_Sale:
Kano_Ta_Dabo, su ma nasu ba haka ya faro ba. Ɗaruruwan shekaru magudanan Amsterdam nan ne ake zuba ƙazanta da shara, in zafi ya zo wari ya hana zama, attajirai su gudu gidajen gonarsu a bakin kogin Vecht. Wasu daga cikin gidajen suna nan, masu keke suna wucewa ta gabansu. Abin da nake ganin ya raba mu da su shi ne hukumomin ruwa. Tun ƙarni na 13 suke da su, har yau suna da harajinsu daban, kuma jama'a ne ke zaɓen wakilansu. Kowane gida yana biya, kowa ya san wanda zai tuhuma in jinga ta tsage.

Nafisa_M:
Don Allah mu dawo kan tambayar Baba. Shi ba gyaran Jakara ya tambaya ba.

Yusuf_Hamburg:
To bari in kawo ɗaya ɓangaren, don kada Alhaji ya ji daɗi kawai. Ni na yi, kuma ban ji daɗinsa sosai ba. Ɗakinmu a ƙasan jirgi yake, bai fi shagon mai shayi ba, gadaje biyu ƙanana da ɗan banɗaki, taga ƙarama dab da ruwa kuma ba ta buɗuwa. Wurin shimfiɗa darduma sai tsakanin gadajen, mutum ɗaya ya yi ya ba ɗaya. Wasu ranakun jirgi na tashi tun kafin karin kumallo, ƙarar inji ta hana komawa barci bayan asuba. Mun rubuta wa kamfanin maganar abinci, amma saƙon bai kai ga mai girki ba, daren farko burodi da cuku muka ci. Daga baya ya gyara, mutumin kirki ne. Sannan da dare kowa na zaune da kwalbarsa a falo ɗaya tilo da ake da shi. Ba wanda ya takura mana, amma wanda zama kusa da masu sha ke damunsa ya sani tun yanzu.

Babban abin kuma iska. Kowa na cewa ƙasar a shimfiɗe take, ba mai faɗin iska. Ta fi kaɗawa daga kudu maso yamma, kuma wanda ya taso daga Amsterdam zuwa Bruges can ya nufa. Akwai yinin da muka yi muna tuƙi tana tura mu baya, ga yayyafi. Shawarata, ku nemi makon da jirgin ke dawowa, wato daga Bruges zuwa Amsterdam, iska ta riƙa bin bayanku.

Dr_Halima_S:
Maganar Yusuf ta iska ita ce dalilin da zan ce Baba ya ƙara kuɗi ya karɓi keke mai batir. Sai ka taka feda yake taimaka maka, kuma taimakon na tsayawa a gudun kilomita 25 a awa. Amma ya fi keken gida nauyi, kuma yawan faɗuwar dattawa wajen hawa da sauka ne, ba cikin tafiya ba. A gwada shi a fili ranar farko, a sauke sirdi yadda ƙafa za ta taɓa ƙasa. 'Yan Holan ba sa sa hular kwano a keke kuma doka ba ta tilasta ba, amma kai ka sa. In akwai hawan jini ko ciwon suga, a ga likita kafin tafiya, magani kuma ya zauna a jakar keke, kada a bar shi a jirgi, don jirgin ba za ka sake ganinsa ba sai yamma.

Abdul_Nima_Accra:
Ni ba zan hana kowa zuwa ba, amma akwai abin da nake so Alhaji ya riƙe a zuciya in jagora na nuna masa dogayen gidajen da ke bakin magudanan Herengracht da Keizersgracht a Amsterdam. An haƙa waɗannan magudanai a ƙarni na 17, lokacin da Amsterdam ke juya kasuwancin duniya. A 1621 aka kafa kamfanin 'yan Holan na West India, mai fatauci a Afirka ta Yamma da nahiyar Amurka, a 1637 suka ƙwace gidan kurkukun Elmina da ke nan gaɓar Gana daga hannun Fotugal, suka riƙe shi fiye da shekara ɗari biyu. Na shiga ɗakunan ƙasa na Elmina inda ake tara bayi kafin a loda su a jirgi, na ga ƙofar da suke fita ba dawowa. Wani kaso na dukiyar da ta gina gidajen nan daga can ya fito. Sarkin Holan da kansa ya nemi gafara kan cinikin bayi a ranar 1 ga Yuli 2023. Beljiyam kuma ga abin da sarkinta Leopold na biyu ya yi a Kwango, kuma ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp roba da hauren giwa suke shigowa. A je a gani, amma a tambayi jagora wannan, a ji abin da zai ce.

Hajiya_Binta_KD:
Gaskiya ne Abdul. Jagorarmu wata mata ce tsohuwar malamar makaranta, kuma ita ta fara ɗauko maganar kafin mu tambaya. Maigidana ya ja ta da tambayoyi har bayan cin abinci, wasu Amurkawa biyu suka shigo ciki. Wannan ma yana cikin amfanin tafiya da jagora, akwai wanda za ka tambaya, kuma kuna tare mako guda.

Dan_Kwari_77:
Tunda an zo maganar kasuwanci, shin masaƙar atamfar Holan tana kan hanyar? Shekara da shekaru muna sayar da ita a Kwari, in da zan je ƙasar nan ita zan fara nema.

Sadiq_Rotterdam:
Ba ta kan hanyar, Alhaji. Vlisco a Helmond take, kusa da Eindhoven, tun 1846, ita ma a bakin wata hanyar ruwa. Sai dai a je ta jirgin ƙasa daban. Abin da ke kan hanya wanda ya shafe mu shi ne tashar Antwerp. Motocin da muke kira Beljiyam, da yawansu daga nan ake loda su zuwa Kwatano da Legas. In jirginku zai shiga garin ta cikin tashar yake bi, ku tsaya a saman bene ku ga girmanta. A Antwerp ɗin kuma akwai ramin da aka haƙa ƙarƙashin kogin Scheldt don masu ƙafa da keke, an buɗe shi a 1933, tsawonsa mita 572, har yau matakalarsa mai tafiya da kanta ta katako ce. Ayari da yawa ta nan suke fita gari.

Wani abu kuma game da tsoron ɓata. Hanyoyin keke a ƙasashen biyu suna da lambobi a kowace mahaɗa. Wani injiniyan ma'adinai ɗan Beljiyam, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro tsarin, aka fara a lardin Limburg a 1995. Jagora zai ba ka jerin lambobin yini, ka manna a kan keke, ko an bar ka a baya allo na nuna maka lamba ta gaba. Kuma a ayari akwai wanda ake sawa a ƙarshe, ba ya wuce kowa.

Issoufou_Zinder:
Ina Toulouse da zama. In iska da ruwan sama ne matsalar, akwai irin wannan yawon a kudancin Faransa, a hanyar ruwan da ake kira Canal du Midi. Kilomita 240 daga Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum, Pierre-Paul Riquet ya fara haƙa shi a 1666, aka buɗe a 1681. Rana ta fi yawa, ana bi ta Carcassonne. Sai dai hanyar keken a wurare da yawa ta ƙasa ce mai saiwoyi, kuma an sare dubban itatuwan da ke ba da inuwa saboda wata cuta da ta kama su. Ga dattijon da ya daɗe bai hau ba, hanyoyin Holan sun fi lafiya.

Nafisa_M:
Kada a manta da biza. Ƙasashen biyu duk suna cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu bizar haɗin gwiwa, biza ɗaya ta isa, kuma ana nema a wajen ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, wato Holan a nan. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Abin da nake jin tsoro shi ne a biya kuɗin jirgi, biza ta makara ko a hana. Baba ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi da kyau kafin ka tura ko sisi.

Baban_Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka. Ta ce ita jirgi za ta zauna, kuma maganar ƙofofin ruwa da Injiniya ya yi ta ba ta sha'awa. Malam Abu Khalil, na gode da kishinka, ka ga ita ma ba ta nemi hawa ba. Dan_Kwari, maganarka ta kuɗi tana raina har yanzu, ban yanke hukunci ba. Abin da ke jan hankalina shi ne yarinyar nan shekara biyu ba mu zauna da ita ba, kuma in ta dawo aure ne ko aiki. Mako guda muna wuri ɗaya, ba mai kiran waya ya ce in zo kasuwa, wannan ma abin a saya ne. Tambayata ta ƙarshe: Bruges ɗin da ake ta yabo, ta kai?

Hajiya_Binta_KD:
Ta kai, amma da sharaɗi. Da rana cike take da baƙi, a wasu lunguna da kyar ake wucewa. Da magariba motocinsu sun tafi, ku kuma jirginku na nan, sai ku samu garin ya zama naku. Hasumiyar dandalin kasuwa tana da matakala 366, maigidana ya hau, ni na jira a ƙasa. Titunan na duwatsu ne, keke na girgiza mutum, gara a tura shi da hannu. Abin da na fi so shi ne 'yar tafiyar Damme, ba ta kai kilomita goma ba, hanya miƙaƙƙiya a bakin ruwa, dogayen itatuwa a jere dama da hagu duk iska ta karkatar da su gefe ɗaya. In Hajiya za ta gwada keke mai sirdi biyu, nan ne wurin.

Injiniya_Sale:
Ita ma Bruges ruwa ne ya yi ta. Mashigin Zwin ne ya haɗa ta da teku ta zama babbar kasuwar ulu da tufafi, da yashi ya toshe shi sai fatake suka koma Antwerp. Talaucin da ya biyo baya ne ya hana a rushe tsofaffin gine-ginen a yi sababbi, shi ya sa kuke ganinta haka. Magudanar ruwan da ke gefen hanyar Damme da Hajiya Binta ta ambata Napoleon ne ya sa aka haƙa.

Abu_Khalil_Zaria:
Alhamdu lillahi tunda Hajiya jirgi ta zaɓa. Amma maganar falon da Yusuf ya faɗa ba ƙarama ba ce, a duba ta.

Yusuf_Hamburg:
In yanayi ya yi kyau akwai kujeru a saman bene, can muke zama bayan cin abinci. Alhaji, in za ka biya, ka nemi ɗakin sama mai taga da ke buɗuwa ko da ya fi tsada, kuma ka tambayi nisansa da ɗakin inji. Ni dai har yanzu ina kan bakana, daga Bruges a taso.

Sadiq_Rotterdam:
Ban ƙi ba Yusuf, amma iska ba ta da alkawari, akwai makon da take juyowa daga arewa. Kuma tunda daga Wageningen za su taso, Amsterdam ta fi kusa da su, in sun ƙare a Bruges kuma filin jirgin saman Brussels ba nisa. Baba, ka ce wa Hanifa ta duba ranakun tashi na Satumba tun yanzu, ɗakunan sama su ke fara ƙarewa. Rigar ruwa kuma kada ku saya a gida, ku bari sai kun zo, ta nan ta fi ƙwari.